Abin da Dikko Direba Ya Ɗauko a Tukunyar Sanyi

Na san Dikko ne a filat ɗin Alhaji Musbahu da ke Al Muraqqabat, inda mu 'yan kasuwar waya na Kano muke sauka idan mun zo Dubai sayen kaya. Dogo ne siriri, mai ɗan gemu, ba ya son hayaniya. Idan ana musun ƙwallo a falo, shi yana can gefe da kofin shayinsa, sai an tambaye shi yake sa baki. Mutumin Bichi ne. Kafin ya zo nan ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota, yana kai tumatir da albasa Legas, har bayansa ya soma ciwo. Alhaji Musbahu, mai harkar kago, wato aika kaya ta jirgi, yayan matarsa ne. Shi ya nema masa biza a 2016, don ƙanwarsa Jummai ta ɗan samu sauƙin rayuwa.

Da ƙyar Dikko ya ci jarrabawar lasin, ba don bai iya tuƙi ba, sai don ya saba da hanyar da kowa ke bin inda ya ga dama. Da ya samu, wani kamfani a Al Quoz ya ɗauke shi. Aikinsu jigilar kayan asibiti masu buƙatar sanyi, irin su allurar rigakafi da jini. Aka ba shi farar mota mai firji a baya. Dikko ba mai tambayar abin da ke cikin kwali ba ne. Ya ɗauka, ya kai, ya dawo, shi ke nan. Ogansa, wani ɗan Kerala ta ƙasar Indiya, yakan ce da duk direbobinsa irin Dikko ne da shi ma ya yi tumbi.

Abu ɗaya ke cin ransa, shi ma ba ya faɗa. Sun daɗe da aure da Jummai babu haihuwa. Ciki yakan shiga, sai ya zube. Na ukun har ya fara motsi, Dikko da kansa ya naɗe shi a farin ƙyalle ya kai shi makwancinsa. Tun daga nan ko ɓatan wata ba ta sake yi ba. Tana can Gwammaja da keken ɗinkinta, kullum bayan la'asar sai sun yi waya.

A 2018 aka tura shi sashen kaya na filin jirgi ya ɗauko wata tukunyar ƙarfe, kamar ta gas ɗin girki amma ta fi ta tsawo. Aka gargaɗe shi kada ya kwantar da ita. Ya ɗaure ta da igiya, ya kai ta ɗakin bincike na wata jami'a a bayan gari. Yana tsaye yana jiran mai karɓa sai Jummai ta kira, ya ce mata, "Bari na sauke kaya, zan neme ki."

"Ikon Allah!" aka ce a bayansa. "Sannu da aiki, Malam. Bahaushe a nan?"

Ya juya ya ga yarinya da farar rigar aiki da mayafi ruwan toka, tana dariya. Sunanta Muhsinat, 'yar Zariya ce, tana karatun digiri na uku. Ta ce ta yi watanni ba ta ji Hausa da kunnenta ba sai a waya. Daga ranar ta maida shi Kawu. Shi kuma duk lokacin da aka tura shi can sai ya tafi mata da yaji ko daddawa daga abin da muke kawowa.

Wata rana da hantsi ya kai musu kaya, sai ta ce, "Kawu, ka tuna tukunyar nan da ka fara kawo mana? Zo ka ga abin da ya fito daga cikinta. Na daɗe ina fama, jiya ya yi."

Ba a shiga ɗakin ciki da kayan gida, don haka ta tsayar da shi a bakin tagar gilashi. Can ciki ya hango wani ɗan faranti na roba ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu. Ta kunna allon kwamfuta a gefensa. Wani abu ya fito toka-toka, kamar saman kindirmo. Da farko ya zaci hoton ne ke rawa. Da ya ƙura ido sai ya ga abin yana matsewa yana saki, yana matsewa yana saki, ba ya kuskure.

"Mene ne wannan yake motsi?"

"Ƙwayoyin zuciya ne. Bugawa suke yi."

"Zuciyar me? Ɓera?"

"Ta mutum."

Dikko ya ja da baya har ya bugi kujera. "Wa aka kashe?"

Muhsinat ta yi dariya, amma da ta dubi fuskarsa dariyar ta tsaya. Ta ce ba zuciyar kowa aka ciro ba, ita ta raine su har suka zama haka. Ta yi masa bayani a hankali. Akwai ma'auratan da haihuwa ta gagara, sai likita ya haɗa ƙwan matar da maniyyin mijin a waje, ya mayar cikin mahaifa. Sau da yawa ana samun ragowa. Wanda ya kwana biyar da haɗuwa bai kai ɗigon alƙalami ba, ba shi da kai, ba shi da hannu, ɗan dunƙule ne kawai na ƙwayoyin halitta. Amma waɗannan ƙwayoyin ba su zama komai ba tukuna, don haka suna iya zama komai: ƙashi, jini, jijiya, zuciya. Wasu ma'aurata a wata ƙasa mai nisa suka bayar da ragowar nasu don bincike. Aka ciri ƙwayoyin, aka ci gaba da ciyar da su, suna rabuwa suna ƙaruwa.

"Shi ɗan tayin fa?" in ji Dikko.

"Ba ya rayuwa bayan an cire su."

"Yaushe aka yi wannan?"

"An kusa shekara ashirin, Kawu. Tun ina firamare. Har yau ba su daina ƙaruwa ba. Akwai su a ɗakunan bincike da yawa a duniya, duk daga guda ɗayan nan."

Dikko ya sake duban allon. Abin bai fasa bugawa ba.

"Wato da an bar shi, da yanzu saurayi ne."

"Da an sa shi a mahaifa, kuma Allah ya nufa ya kama. Da yawa ba sa kamawa."

"Kuma ni na ɗauko shi. Na ɗaure shi da igiya kamar buhun albasa. Har rediyo na kunna."

Bai yi mata sallama ba. Ya fita, ya shiga mota, ya tayar, ya kasa sa giya. Ya ce da ni daga baya ba tsoro ya ji ba, ji ya yi kamar an ɗaga wani labule da bai kamata ɗan Adam ya leƙa ba, kuma an tura kansa ciki ba tare da an tambaye shi ba. Akwai jini a bayan motar da wani asibiti ke jira. Oga ya yi ta kira. Ranar ce kaɗai a tarihin aikinsa ya makara.

Ina Dubai a wannan makon. Ranar Juma'a bayan masallaci aka ajiye tiren shinkafa a falo, Dikko ya kasa kai loma. Alhaji Musbahu ya matsa masa, sai ya faɗa. Nan take kowa ya ɗauka a lokaci guda. Wani ya ce ƙarya ce, fim aka nuna masa. Wani ya ce ai duniya ta zo ƙarshe. Wani yaron shago ya ce shi dai in maganin ciwon zuciyar babarsa zai fito daga nan, ba ruwansa. Aka kusa yin faɗa.

"Khalas, ya isa haka," in ji Alhaji Musbahu. "Ba cikinmu malami. Tashi mu je wajen liman."

Limamin masallacin layinsu dattijo ne ɗan Sudan, Alhaji ya yi tafinta. Ya saurara har ƙarshe bai katse ba. Ya ce malamai sun zauna a kan wannan magana ba sau ɗaya ba. Da yawansu sun ce ba a hura rai sai bayan wata huɗu, wasu suka ce kwana arba'in, kuma duk a cikin mahaifa ake maganar. Don haka da yawa sun yarda a yi amfani da ragowar da za ta lalace ko ta yaya, idan iyayen sun amince kuma don neman magani ne. Amma a haɗa shi da gangan don a lalata, ko a zubar da ciki don a samu, wannan babu wanda ya halatta. Ya ƙara da cewa akwai malaman da ba su yarda da ko ɗaya ba, kuma ba jahilai ba ne.

Dikko bai gamsu ba. Da suka fito ya kira Malam Shu'aibu na Bichi, wanda ya koya masa karatu tun yana yaro. Malam ya sa ya maimaita maganar, don ya ɗauka layin ne ba kyau. Da ya gane sai ya yi salati mai tsawo.

"Dikko, asalin mutum ne. Ko yau aka haɗa shi, yana da alfarma. Ni dai ba zan ce maka ka ɗauka ba."

Washegari ya roƙi oga a cire shi daga wannan hanyar. Ɗan Keralan ya yi ta tambayar ko an yi masa wulaƙanci ne a can, ya ce a'a. Aka mayar da shi raba magani a kantunan Deira, inda babu wurin ajiye mota kuma cunkoso ba ya ƙarewa. Ya karɓa bai yi ƙorafi ba. Muhsinat ta yi ta kira bai ɗauka ba.

Sai da ta biyo shi har wani gidan abincin 'yan Najeriya kusa da tashar Al Rigga, inda yakan ci tuwo ranar hutu. Ta zauna gabansa ba tare da an ce ta zauna ba.

"Kawu, na yi kuskure da na nuna maka haka kawai. Murna ce ta ɗebe ni. Ka yi haƙuri."

"Ba ki yi min komai ba. Ke dai kina barci lafiya?"

"Ranar da na fara gani ni ma ban ci abinci ba. Na yi istihara kafin na karɓi aikin nan. Babana har yau abin da ya sani shi ne ina binciken ciwon zuciya, ban iya ƙarasa masa sauran ba." Ta ce da waɗannan ƙwayoyin suke gwada magani su ga wanda ke cutar da zuciya kafin a bai wa mutum. Ta ce kuma ba a sake take ba, akwai doka. Wata ƙasa ta hana gaba ɗaya. Wata ta hana a yi a cikinta amma ta yarda a shigo da wanda aka yi a waje. Wasu sun yarda, da sharaɗin kada a raini ɗan tayi a faranti ya wuce mako biyu.

"Mako biyu," in ji Dikko. "To ranar da ta biyo baya me ke sauka a kansa? Majalisa ce ta san ranar da mutum yake zama mutum?"

"Ba ta sani ba. Wuri kawai suka samu suka ja layi."

Ya biya mata kuɗin lemo, suka rabu da mutunci, amma bai koma hanyar ba.

A ƙarshen 2020, da aka sassauta kullen korona, Alhaji Musbahu ya kawo Jummai Dubai. Ya ce ya gaji da ganin ƙanwarsa tana shan saiwoyi, sai likita ya duba ta, shi zai ɗauki nauyi. Dikko ya kama musu ɗan ɗaki a Bur Dubai, a wani filat da aka raba da katako, maƙwabtansu 'yan Filifin. Jummai mace ce gajera mai kaifin baki. Cikin mako ɗaya ta san duk masu yadi a kasuwar, tana taya kaya da yatsu, kuma ta fi mijinta son hawa abra, ɗan jirgin ruwan da ke tsallaka mutane zuwa Deira.

Likitar mata, wata Balarabiya, ta ce hanyoyin ƙwan Jummai sun toshe tun ɓarin ƙarshe. Ciki ba zai sake shiga da kansa ba. Sai dai a haɗa a waje a dasa. Dikko ya tambayi liman, ya tambayi Malam Shu'aibu, a wannan karon bakinsu ya zo ɗaya: in dai tsakanin miji da matarsa ne, babu laifi. Ya yarda. Jummai ta sha allurai a ciki har fatar wurin ta yi baƙi. A duk wannan lokacin, Dikko ya ce, ko sau ɗaya tunaninsa bai koma ɗakin binciken nan ba. A ransa ɗa ɗaya suke nema, ɗaya za a haɗa.

Ranar dashen, likita ta shigo tana murmushi. "Mabruk, barka. Bakwai sun yi kyau."

Dikko ya dubi Alhaji Musbahu. "Bakwai me?"

"'Yan tayi bakwai. Ta ce za ta sa biyu yau, a daskarar da biyar. Ta ce kun yi sa'a, da can doka ba ta bari a ajiye, kwanan nan aka canza."

"A ina za a ajiye su?"

Wata ma'aikaciya ta buɗe ƙofar wani ɗaki ta nuna masa. Tukwane ne na ƙarfe a jere, irin wadda ya ɗauko daga filin jirgi, sai dai sun fi ta girma. Ta ɗaga murfin ɗaya, farin hayaƙi ya malalo ƙasa. Dikko ya dafa bango. Alhaji ya riƙe shi yana cewa, "Kai, shwaiya, yi a hankali, me ya same ka?"

Jummai ce ta kwantar masa da hankali a hanya. "Malam, ai ba zubar da su za a yi ba. Ajiya ce. In na yaye wannan mu dawo a sa min biyu, in na yaye su a sa sauran. Ni da na nema ban samu ba, biyar ne za su yi min yawa?"

Ɗaya ya kama. Kafin cikin ya yi ƙwari aka dakatar da jirage tsakanin Dubai da Najeriya, dole ta zauna. Dikko ya rame saboda fargaba, ita kuwa ta yi ƙiba, ta ari keke tana yi wa matan 'yan kasuwa ɗinki. A damunar 2021, lokacin da a nan zafi ke narka kwalta, ta haifi 'ya mace. Aka sa mata Ummi Kulsum.

Amma jini ya ƙi tsayawa. Dikko yana zaune a baranda da jaririya a hannu, bai ma iya riƙon ba, sai ya ga ana gudu da gadon Jummai. Aka daɗe. Da likita ta fito ta ce an ceci ranta, amma sai da aka cire mahaifar.

Ya yi hamdala, ya yi kuka, ya kira dangi. Sai bayan suna, yana tuƙi a titin Al Quoz, lissafin ya faɗo masa. Ya ce sai da ya gangara gefen hanya ya tsaya. Biyar suna cikin tukunya, kuma wurin da za su koma babu shi.

Da Jummai ta warware suka koma wajen likitar. Dikko ya tambaya ko za a iya sa su a cikin wata mace, ko da 'yar uwarta ce. Likita ta ce doka ta hana, kuma ta san malamansu ma za su hana. Ba a kuma bai wa wasu ma'aurata. Za a iya ci gaba da ajiyewa na wasu shekaru, amma ba har abada ba. Bayan nan sai a fito da su daga sanyi a bar su, cikin ɗan lokaci su lalace da kansu. Sannan ta ce akwai kuma maganar bincike, amma ba a taɓa su sai da yardar miji da mata a rubuce, kuma da sharuɗɗa masu tsauri.

Dikko ya miƙe tsaye. "A'a. Wannan kam a'a."

A cikin abra, suna tsallakawa da yamma, Jummai ta gyara goyonta ta ce, "Malam, wane irin bincike take nufi?"

Bai taɓa ba ta labarin abin da ya gani ba. Ya ba ta a nan, tun daga tukunyar har zuwa abin da ke bugawa a faranti. Ya zaci za ta yi salati ta toshe kunne. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ina son ganin yarinyar nan," in ji ta.

Muhsinat ta zo ɗakinsu na Bur Dubai da kayan barka. Ta gama karatu, ana ce mata Dakta yanzu. Ta ɗauki Ummi, suka yi hira kamar sun daɗe da sanin juna. Ta ce ita yanzu yawancin aikinta da ƙwayoyin fata take yi, don an gano yadda ake mayar da su baya su zama kamar na ɗan tayi, ba sai an taɓa ɗan tayin ba. Dikko ya ɗago kai da sauri.

"To ai shi ke nan! Me ya rage?"

"Ba su gama zama daidai ba, Kawu. Har yanzu da na asalin ake auna su. Kuma masu neman dalilin da ya sa ciki ke zubewa tun yana ɗanye, su dole sai sun duba ɗan tayin kansa."

Jummai ta ajiye kofin da ke hannunta. "Akwai masu neman wannan?"

"Akwai, Anti."

"Suna ganowa?"

"Kaɗan-kaɗan. Ba zan yi miki alkawarin komai ba. Kuma kada ki ce ni na ce ki bayar. Ɗakinmu ma ba ya karɓa. Ni da aka tambaye ni a kan nawa, wallahi ban san me zan ce ba."

Bayan ta tafi, Jummai ta ce ita ta yarda a bayar.

Dikko ya ce da ni wannan ta fi duk sauran girgiza shi. Ya dube ta kamar bai taɓa ganinta ba.

"Jummai! 'Yan uwan Ummi ne fa. Rana ɗaya aka haɗa su. Da ma'aikaciyar nan ta miƙa hannu dama maimakon hagu, da Ummi ce a cikin tukunyar, wani ne a bayanki."

"Na sani. Kana tsammani ban yi wannan tunanin ba? Kullum in ina ba ta nono sai na yi. Amma gaya min, Malam, ina za su? Cikina babu. Na wata an hana. In aka fito da su aka bar su a kan tebur su lalace, wannan ne mutuncin? Sau uku ina zubar da ciki, ba wanda ya iya gaya min dalili. Aka ce iska ce, aka ce sammu ne, na sha abin da ko akuya ba za ta sha ba. In a jikin waɗannan za a ga abin da zai hana wata mace shiga abin da na shiga, ni sadaka na ɗauke shi."

"Ba a sadaka da mutum."

"In mutane ne, me ya sa ba ka raɗa musu suna ba?"

Ya ce mata shi dai ya ga abin da idonsa, ita ba ta gani ba. Ba zai iya kwana yana tunanin wani yanki na jininsa yana bugawa a faranti a wata ƙasa, bayan shi da ita sun daɗe a kabari ba. Ta ce ita kuma ba za ta sa hannu a fito da su su lalace a banza ba. Ba su yi faɗa ba, ba su taɓa yi ba. Amma makonni suka wuce kowa yana kan bakansa. Alhaji Musbahu ya ce shi bakinsa ba ya ciki. Liman ya ce duka biyun akwai malaman da suka faɗa, su zaɓa. Malam Shu'aibu, da aka gaya masa yadda abin ya kasance, sai ya ce, "Wannan ta fi ƙarfin karatuna. Ku yi ta addu'a."

Da yake ba a yin ko ɗaya sai su biyun sun sa hannu, ba a yi ko ɗaya ba. Suka sabunta ajiyar. A ƙarshen shekara da hanya ta buɗe, Jummai ta koma Gwammaja da Ummi Kulsum, inda aka ce matan unguwa sun yi kwana uku suna zuwa kallon jaririyar da aka haɗa a kwalba. Dikko ya ci gaba da raba magani a Deira. Sun san wa'adin ajiyar zai ƙare wata rana, sun kuma daina tayar da maganar a waya.

Zuwana na farko a sabuwar shekara, na same shi a falon Alhaji, yana nuna min hoton Ummi ta fara zama. Akwai wani baƙo a wurin, ɗan kasuwa daga Katsina, zuwansa na farko. Ya leƙa wayar ya ce, "Masha Allah, tubarkalla. Malam, 'ya'yanka nawa?"

Dikko ya buɗe baki, ya rufe. Baƙon ya jira, ya dube ni, ya dubi Alhaji, yana tunanin ko ya yi wata ɓaranɓarama ce. Alhaji ya sunkuyar da kai yana juya cokali a shayi.

"Ɗaya ce a hannu," in ji Dikko.

Baƙon ya ce Allah ya ƙaro. Dikko bai ce amin ba. Ya mayar da wayar aljihu, ya tashi ya tafi yin alwala.